Waɗanda Suka Koma Ciki

A shekarar da wannan abu ya faru muna haya a Kuje, a wani gida mai ɗaki uku da ke bayan gari, inda kwalta ta ƙare. Mai gidan Bagwari ne, manomin doya, yana zaune da iyalinsa a sashen da ke jikin namu. Ni ina aiki a wata ma'aikatar tarayya a cikin gari. Matata kuma kimiyyar lissafi da makamashi ta karanta a Zariya, tana aiki a wata hukuma da ke duba injinan asibitoci da na kamfanoni masu amfani da hasken nukiliya, kada su cutar da mutane. Ban taɓa fahimtar aikin sosai ba. Abin da na sani shi ne tana rataya wani ɗan baji a ƙirjinta, wanda ake karɓa lokaci-lokaci a auna yawan hasken da ya shiga jikinta.

Ofishinsu ya tura ta kos na wata shida a wata ƙasa mai nisa a gabashin duniya, a wata cibiyar horo da ke bakin teku. Ba mu daɗe da yaye ƙaraminmu ba, babbar kuma tana aji ɗaya. Na ɗauko mahaifiyata, Hajiya, daga Funtua don ta riƙe yaran. Hajiya ba ta so tafiyar ba, amma ba ta hana ba. Ta dai ce, "Tun da ka yarda, Allah ya kai ta lafiya."

Duk sanda matata ta bugo waya sai ta ambaci wani dattijo da ke koya musu aiki. Malam take ce masa, har mu ma muka saba da kiransa haka. Ya kusa shekara sittin, ya yi yawancin rayuwarsa yana aiki a wata tashar wutar nukiliya da ke can arewa da su a gaɓar tekun, kafin a dawo da shi koyarwa. Shi ya kwashe kwalaye daga wani ɗan ɗakin ajiya ya share mata don ta riƙa salla. Matarsa ce ke raka ta kanti tana karanta mata rubutun jikin gwangwani, kada ta sayi abin da ke da naman alade. Har tuwon shinkafa matata ta yi musu sau ɗaya, ta ce Malam ya ci da hannu yana ta zufa saboda yaji.

Wata safiyar Juma'a, cikin tsananin zafin da ke zuwa kafin ruwan farko, ina cikin goslo a hanyar filin jirgi sai na ji a rediyon mota an ce an yi girgizar ƙasa a can. Ban damu sosai ba da farko, don ta sha gaya mini cewa ƙasar tana motsi kamar yadda ake ɗauke wuta a wajenmu, ba wanda ke tashi daga kujera. Sai mai labaran ya ƙara da cewa teku ya yi ambaliya ya haura gaɓa, ya shafe garuruwa. Na kira lambarta. Wata murya ta mace ta yi magana da harshensu, ta katse. Na sake kira, ita ce dai. Motocin baya suka yi ta yi mini hon ban sani ba, sai da wani ɗan acaba ya buga mini gilashi.

A ofis na tarar da mutane a tsaye gaban talabijin ɗin ɗakin oga. Baƙin ruwa ne ke tafiya a kan gonaki yana ɗauke da gidaje da motoci, wasu gidajen suna ci da wuta a kan ruwan. Na ga wata farar mota a kan titi tana ƙoƙarin juyawa, sai aka sauya hoton. Oga ya waiwayo ya gan ni.

"Ba can madam take ba?"

Na ce can take.

"Ka je gida," in ji shi. "Ba abin da za ka iya yi a nan."

Ban je gida ba. Na kasa tunanin fuskar Hajiya. Na tafi masallaci tun kafin a fara huɗuba na zauna a sahun baya da waya a hannu. Har aka idar ban san abin da liman ya ce ba.

Sai washegari da hantsi saƙo ya shigo daga wata lamba da ban sani ba. Ta ce tana nan da rai, suna kan tudu, ruwan bai kai gare su ba, amma ba wuta ba ruwan famfo, ƙasa kuma ba ta daina motsi ba. Na karanta wa Hajiya. Ta yi sujada a nan tsakar ɗaki, babbar ta ga kakarta ta yi ita ma ta yi. Na ɗauka an gama.

Kafin azahar aka fara nuna tashar nukiliyar nan da Malam ya yi aiki a cikinta. Daga nesa aka ɗauko hoton, gine-gine ne masu kusurwa huɗu a jere a bakin ruwa, sai ɗaya ya yi tsalle ya zama hayaƙi. Masu sharhi suka ce ruwan ya kashe injinan da ke sanyaya tukunyar makamashin, kuma idan ba a sanyaya ta ba za ta narke, gubarta ta bi iska. Suka ce ba a ganinta, ba a jin warinta. Wannan maganar ce ta fi tsaya mini a rai. Ruwa dai ka gan shi ka gudu. Na nemo taswira a waya ina auna tazarar da ke tsakanin tashar da garin da take da ɗan yatsana. Ba ta kai faɗin farce ba.

Da ta samu ta kira ni, muryarta a dishe take. Na ce ta bar komai ta taho.

"Abban yara, ba jirgin ƙasa, ba mai a gidajen mai. Ana shirya mana mota."

"Iskar fa?"

"Muna aunawa. Gubar ta ɗan hau jiya, ta sauka. Kada ka gaya wa Hajiya."

"Ta ɗan hau kamar yaya?"

Na ji wani abu yana ƙara a bayanta kamar kwanuka a kan tire. Ta ce, "Girgiza ce, bari ta wuce." Na riƙe wayar ina jin kwanukan suna kaɗawa daga wancan gefen duniya, ni kuma ina tsaye a ƙofar gida a Kuje, awakin mai gida suna cin ɓawon doya a gabana.

Ta iso bayan kamar mako guda, ta wata ƙasa ta biyo. Na je filin jirgi ni kaɗai. Ta rame, leɓɓanta sun tsage. Mu dama ba masu rungumar juna a gaban jama'a ba ne, don haka ba wanda zai ga wani abu a tsayuwar da na yi nesa da ita. Amma da na zo ɗaukar akwatinta sai na ga hannuna ya tsaya. A kwanakin nan na sha jin maganganu. Wani abokin aikina da ke zuwa daga Mararaba ya rantse mini cewa gubar tana manne wa tufafi da gashi, wanda ya taɓa mai ita shi ma ya ɗauka. An yi ta yawo da wani saƙon waya cewa kada a bari ruwan farko ya taɓa fatar yara. Na san matata ta fi su sani. Duk da haka sai da na naɗe hannun akwatin da hankici. Ta gani. Ta buɗe ƙofar baya ta zauna, ba ta zauna a gaba kusa da ni ba.

A gida Hajiya ta yi mata sannu da zuwa da fara'a, har da hawaye. Amma tana goye da ƙaramin, kuma ba ta sauke shi ba. Yaron ya ga uwarsa ya fara zillo yana miƙa hannu, Hajiya ta juya ta shiga kicin da shi tana jijjiga shi. Akwatin kuwa ta sa na ajiye shi a waje, gindin mangwaro. Babbar ce ta ruga da gudu za ta faɗa jikin uwar, na riƙe mata hannu na ce ta bari Umma ta yi wanka tukuna. Matata ta tsaya a tsakar gida da jakarta a kafaɗa.

"An auna ni kafin in hau mota, an auna ni kafin in hau jirgi," in ji ta a hankali. "Ba komai a jikina."

"Mun sani, 'yar nan," in ji Hajiya daga kicin. "Ki dai huta."

Maƙwabta ma da suka zo barka a bakin ƙofa suka tsaya. Matar mai gida ta aiko da doya ta hannun 'yarta, ta ce a ajiye a ƙasa kada a miƙa. Ranar nan matata ita kaɗai ta kwana a ɗakin baƙi, da kanta ta zaɓi haka. Ƙaramin ya yi ta kuka har ya gaji.

Da safe ta sa na kai ta ofishinsu. Ta fito da wata na'ura mai launin rawaya, girman burodi, da ɗan bututu a jikin igiya. Da muka dawo ta kira Hajiya, ta kira mai gida da matarsa, ta sa na fito da tabarma. Ta kunna na'urar, ta fara wata ƙara, ƙyas, can kuma ƙyas, jefi-jefi.

"Wannan ƙarar ta ko'ina ce," ta ce. "Haka Allah ya yi duniya. Ku riƙe yadda take."

Ta bi jikinta da bututun, daga ɗankwali har tafin ƙafa. Ƙarar ba ta sauya ba. Ta buɗe akwatin ta bi tufafin ɗaya bayan ɗaya, ta bi takalmanta. Ta zo kaina ta bi ni, ta bi Hajiya da yaron da ke bayanta. Duk ɗaya. Sannan ta zaga bayan gida inda wani baƙin dutse ya fito daga ƙasa, wanda matar mai gida ke shanya barkono a kai, ta ɗora bututun. Ƙarar ta ƙaru, ƙyas-ƙyas-ƙyas, ba sosai ba amma kowa ya ji.

Mai gida ya ja da baya. "Madam, wannan dutse kakana ta zauna a kai har ta mutu. Me ya shiga ciki?"

"Ba abin da ya shiga, Baba. Duwatsun ƙasar nan haka suke tun asali, kuma ba sa cutarwa. Kakanka shekara nawa ya yi?"

"Ya tsufa sosai. Haƙori duk ta zube."

"To ka gani. Dutsen ya fi ni, kuma bai kashe kowa ba."

Hajiya ta kwance zanen goyo ta miƙa mata yaron. Amma daga ranar ba ta ƙara barin yara su hau dutsen ba, ba ta kuma ƙara cin barkonon da aka shanya a kai ba har ta koma Funtua. Mai gida kuma da hadari ya haɗu bayan 'yan kwanaki ya zo ya same ni yana tambaya ko ruwan zai lalata masa irin doya. Na ce ba zai lalata ba. Amma da aka fara yayyafi ni da kaina na ɗauke yaran na shigar da su ɗaki na rufe taga.

Na zaci idan tsoronmu ya kwanta nata ma zai kwanta. Ashe nata daban ne. Ba ta cin abinci sai an matsa mata. Da an kawo wuta sai ta zauna gaban talabijin, idan an ɗauke ta ce in tada janareto. Wata rana bayan la'asar aka ce an kwashe yawancin ma'aikatan tashar, an bar 'yan kaɗan a ciki, wasu kuma sun koma don kansu. Aka nuna wasu mutane daga nesa cikin fararen kaya, fuskokinsu a rufe, suna tafiya a jere. Ta matsa dab da gilashin tana duba tafiyar kowane ɗaya.

"Wa kike nema?"

"Malam," ta ce. "Yana ɗan ɗingishi a ƙafar hagu."

A nan ta ba mu labarin, ni da Hajiya. Ta ce ranar da za su bar cibiyar, Malam ne ya samo motar, shi ya jera su ya ƙirga su, ya raba musu ruwa da biskit. Da kowa ya zauna sai ya tsaya a ƙofar motar ya sunkuya ya ba su haƙuri cewa ba a ƙarasa darasin ba. Ta ga bai hau ba, ta ga ƙaramar jaka a hannunsa, ta sauko ta tambaye shi ina za shi. Ya ce arewa. Ta ce ba wanda ya tilasta masa, shi yanzu malami ne. Ya ce mata yaran da ke cikin tashar shi ya koya musu inda kowane famfo yake, amma a cikin haske ya koya musu, shi kuwa ya san wurin ko a duhu. Ya ce yawancinsu ba su haihu ba tukuna, shi ya gama haihuwa. Matarsa tana tsaye a gefe riƙe da rigar sanyinsa, ba ta yi kuka ba, ta dai taimaka masa ya sa.

Hajiya ta ce, "Me suke yi a cikin?"

Matata ta yi mata bayani kamar yadda ake yi wa yaro. Ta ce ba wuta a ciki, da tocila suke tafiya. Allunan da ke nuna zafin tukunyar duk sun mutu, sai sun ciro batiran motoci sun ɗauko a kafaɗa kafin su ga allura ta motsa. Akwai famfunan da inji ke buɗewa, yanzu sai mutum ya je ya murɗa da hannu, a wurin da ba a so a daɗe. Kowa yana da na'ura a ƙirji, idan ta yi kuka dole ya fito wani ya shiga ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ruwa mai guba yana kwance a ƙasa, wani lokaci ya haura takalmi. Ƙasa kuma tana ta motsi a ƙarƙashinsu.

"In ya yi yawa a jikin mutum fa?"

"In ya yi yawa sosai, amai da ƙuna, cikin kwanaki. In bai kai haka ba, mutum ya fito lafiya lau, ya koma gida, ya yi ta jira. Wataƙila shekaru. Wataƙila ba abin da zai same shi. Ba wanda zai iya gaya masa."

Hajiya ta ɗauko carbinta. Can ta ce, "Musulmi ne?"

"A'a, Hajiya."

Ta ɗan ja carbinta. "To, Allah ya fito da shi. Allah ya fito da su duka."

Da matata ta koma aiki muka ci gaba da fita tare da safe. Wata rana muna tsaye a goslon mahaɗar Kuje na yi tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce da a nan ne, da a ce wani abu irin wannan ya faru a ɗaya daga cikin wuraren da suke dubawa, za ta shiga?

"Ba mu da irin wannan tashar," ta ce.

"Na sani. Amma da a ce."

Ta kalli masu tallar ruwan leda da ke bin motoci. "Mu nawa ne muka san aikin? Idan ban shiga ba wa zai shiga? Mai gadi?"

"Kina da yara."

"Su ma na cikin suna da iyaye." Ta gyara mayafinta. "Na sa sunana a cikin masu amsa kiran gaggawa. Da ma ina neman yadda zan gaya maka."

Na so in ce ban yarda ba. Ina da ikon faɗa, kuma na san da na faɗa da ta janye. Na buɗe baki sai motar gaba ta motsa, na sa giya.

Damina ta yi nisa kafin labarin Malam ya zo, ta bakin wata da suka yi kos tare. Ya fito da rai. Ya yi ta shiga yana fita har abin da jikinsa ya ɗauka ya kai iyakar da doka ta yarda, aka hana shi komawa, ba zai sake aiki kusa da tasha ba har abada. Garinsu na haihuwa yana cikin yankin da aka kwashe mutane aka rufe. Tsohuwar mahaifiyarsa ta rasu a zauren wata makaranta inda aka tsugunar da su, shi yana cikin tashar bai sani ba, sai bayan an gama komai. Matata ta rubuta masa ta'aziyya. Ya amsa da layi biyu, ya tambayi lafiyar yara. Daga baya saƙonni suka yi ta raguwa har suka tsaya. Ba mu san ko yana raye ba yanzu.

Bayan wasu shekaru, mun riga mun koma Durumi, aka yi wani ruwa na kwana da yini wanda ya cika magudanai ya karya gadoji a unguwanni. Da safe wayarta ta yi ƙara muna karyawa. Ruwa ya shiga ɗakin ƙasa na wani wurin ajiya a bayan gari, inda aka kulle wasu tsofaffin injina masu ƙwayar nukiliya a ciki, ba a san ko wani ya fashe ba. Direban ofis ya maƙale a Mararaba. Ta dube ni, na ɗauko makulli.

A bakin get aka tsayar da ni. Abokan aikinta biyu suna can, wani magidanci da wani matashi da bai daɗe da aure ba. Na ga ta yi magana da matashin tana nuna masa ƙofa, ya yi gardama, ta girgiza kai ta miƙa masa rediyon hannu. Shi aka bari a sama. Ta sa dogayen takalman roba da farar riga a kan doguwar rigarta, ta cusa mayafinta ciki, ta ɗauki na'ura da tocila. Ita da magidancin suka gangara matakala, jan ruwa ya kai musu gwiwa, suka sha kwana na daina ganinsu.

Na zauna a mota. Na kunna rediyo na kashe. Na fito na tsaya a jikin get, mai gadi ya ba ni benci na ƙi zama. Idona yana kan matashin, duk sanda ya kai rediyon kunnensa sai in ƙara leƙawa ta get. Na yi duk addu'ar da na sani, na koma farko.

Rana ta fara fitowa daga cikin gajimare suka hauro. Matashin ya bi jikinsu da bututu, gaba da baya, har ƙarƙashin takalma, sannan ya ɗaga mini hannu. Ba abin da ya fashe. Ta cire kayan ta wanke hannu ta taho get, fuskarta duk shatin abin rufe hanci. Ta buɗe ƙofar gaba ta zauna. Ta matse hannuwanta tsakanin gwiwoyinta.

"Duhu ne sosai a ciki," ta ce. "Akwai ɓeraye suna iyo."

Na tada mota. Da muka hau titi ta ce in tsaya wajen mai gasa masara, yunwa take ji.